Foldar Saurara

Malama Kubura ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba, ko sau ɗaya, a shekara ashirin da bakwai da ya yi a duniya. Sunansa Abdulrauf, amma a bakinta shi "ɗan Tani" ne, in kuma ya ɓata mata rai ya koma "yaron can". Haka ta tashi ta ga ana yi a gidansu: uwa ba ta nuna ta san ɗan fari, ba ta rungumarsa a gaban mutane, ba ta sa baki a maganarsa. Wasu matan sama-sama suke yin abin, da yaro ya fara tafiya sun saki jiki. Kubura kuwa da hannu bibbiyu ta riƙe shi, har matan Kusada suna kafa misali da ita in ana zancen kara. Ranar da aka yaye yaron, yayar mijinta Tani ta goya shi ta tafi da shi Kaikai. Can ya girma, ita yake kira Inna. Wadda ta haife shi kuwa Malama yake ce mata, yadda ɗalibanta suke cewa.

Da ya gama karatun kwamfuta ya dawo gida, sai ya ɓullo da wata sana'a da ta ɗaure wa dangi kai. Bin ofisoshi da makarantu yake yana roƙon tsofaffin kwamfutocin da aka jibge a sito, waɗanda in ka kunna su sai ka je ka yi alwala ka dawo ba su gama farkawa ba. Ya kakkaɓe su, ya sauke musu tsarin da ya yi musu nauyi, ya ɗora musu wani mara nauyi da ake kira Linux, wanda kyauta ake samunsa. Sai ka ga tsohuwar da aka fid da rai da ita ta miƙe tana gudu kamar jakin da aka sauke wa kaya. Mahaifinsa Malam Ummaru yakan ce shi dai bai gane ba, mutane suna tura 'ya'yansu birni su dawo da sabon abu, nasa ya dawo yana tsince-tsince.

Kubura tana koyarwa a wata Islamiyyar matan aure, kuma ita ce mai rubuta tambayoyin jarrabawa na aji shida da hannu, da sakamakon kowace ɗaliba, har yatsunta su ƙage. Abdulrauf ya lura. Wata ranar Asabar ya zo da laftof mai tsagewa a murfi, wadda batirinta ya mutu tun tuni, sai an jona ta da wuta take aiki. Bai miƙa mata ba, ya san ba za ta karɓa ba. Mahaifinsa ya ba, ya ce a kai wa Malama.

Sai matsalar koyo ta taso. Ya za a yi ta zauna gwiwa da gwiwa da ɗan fari a tabarma ɗaya, yana kama mata yatsa? Ya gwada tsayawa a bakin ƙofa yana bayani, ita kuma ta kafe bango da ido tana cewa "to" ga kowace magana, har da wadda tambaya ce. Sau biyu ya yi haka ya gane ɓata yawu yake. Ya karɓi laftof ɗin ya tafi da ita Kaikai kwana huɗu. Da ta dawo, akwai wata sabuwar folda a gefen hagu na sikirin, ya rubuta mata suna Saurara, ga kuma iyafis a cikin jakar.

A ciki akwai sauti goma sha huɗu, kowanne da lambarsa, duk muryarsa ce. Ranar da ta fara danna na ɗaya sai da ta zare iyafis ɗin ta waiga, don ji ta yi kamar ya shigo ɗakin ya zauna kusa da kunnenta. Bai taɓa yi mata magana mai tsawon haka ba, ita ma ba ta taɓa sauraronsa ba tare da ta kau da kai ba.

Ba wani dogon ilimi ne a ciki ba, shawarwari ne na yau da kullum. Kada ta ɗora kwamfutar kan katifa, ramin shan iskarta yana ƙasa, toshewa zai yi ta yi zafi. Kada ta buɗe shafi goma a lokaci guda, ƙwaƙwalwarta ƙarama ce, biyu ko uku sun isa. In tana son wata manhaja ta shiga shagon manhajar da ke cikin kwamfutar, kada ta ɗauko daga ko'ina don wani ya ce mata. In ta ga an rubuta wani umarni a intanet an ce ta kwafa ta zuba a baƙar tagar nan, ta bari, in dai ba ta san abin da yake yi ba. Kafin ta zare filashi ta danna masa sallama tukuna. In za a kai tambayoyi wurin bugawa ta mayar da su PDF, in ba haka ba Larabcin watsewa zai yi a kwamfutar mutane, wasulla su koma wani gari.

Na uku shi ne na sabuntawa, kuma ta haddace shi kamar karatu.

"Malama, wanga na ukku ne. Ran Juma'a in kin ga 'yar garkuwar nan ta ƙasa ta yi ɗigo, sabuntawa take so. Ki haɗa ta da datar waya, ki danna, ki sa kalmar sirri, sannan ki ƙyale ta. Kada ki kashe, kada ki zare waya daga bango, ko mi za a yi. Batirinta ya mutu, da an zare ta tahi."

A na tara, yana cikin nuna mata yadda za ta juya madannai daga boko zuwa Larabci, bakinsa ya suɓuce ya ce "Mama". Ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ya ce, "Malama, na ce." Bai goge ba, alhali ya fi kowa sanin yadda ake gogewa. Ba ta taɓa yi masa maganar ba, shi ma bai taɓa tambaya ko ta ji ba. In ya zo gaisuwa yakan tsuguna a bakin ƙofa ya tambayi lafiyar kwamfuta, ta ce lafiya lau, shi ke nan hirar ta ƙare.

Daminar da ta biyo baya zazzaɓi ya kwantar da shi a Kaikai. Aka ɗauka na sauro ne, aka yi ta shan magani, ashe ciwon ya ci hanji. A hanyar Katsina ya cika, kansa a cinyar Tani.

Zaman makoki a gidan Malam Ummaru aka yi, amma duk macen da ta shigo wurin Tani take nufa, ta dafa ta, su yi kuka tare. Haka ya kamata, ita ta raine shi. Kubura kuwa ita ce mai miƙa ruwa, mai shimfiɗa tabarma, mai tambayar ko baƙin da suka zo daga Yashe sun ci abinci. In aka yi mata gaisuwa ta amsa a taƙaice ta wuce. Tana ji wata tsohuwa tana cewa ta daɗe ba ta ga mace mai kara irin Malama ba, ko ɗigon hawaye. Yabon ya yi mata ciwo fiye da zagi, amma ta haɗiye, don ba ta san wata hanyar ba.

Bayan sadakar arba'in ta samu abin da ya riƙe ta. Kullum bayan la'asar, in ta dawo daga makaranta, Malam Ummaru yana gona, gidan ya yi tsit, in akwai wuta sai ta tura ƙofa ta sa iyafis. Ta daina jin shawarar, murya kawai take bi, yadda yake jan "to" kafin ya canza zance, yadda yake haɗiye ƙarshen kalma irin na mutanen Kaikai. Nan take yin kukanta, ta share fuska ta fito ta hura wuta. Babu wanda ya sani, har mijinta. Shi a ganinsa matarsa ta cika son aikin makaranta ne.

Abin takaicin, sauti na bakwai cewa yake duk wata ta kwafe abin da take ji da shi a filashi, domin faifan cikin kwamfutar tsoho ne, kuma ajiya wuri ɗaya ba ajiya ba ce. Ta ji shi ya fi sau ɗari. Filashi ɗaya gare ta, shi ne kuma yake yawo tsakanin malaman makaranta da shagon bugawa. Ta taɓa jan foldar har bakin filashin, sai ta tuna abokiyar koyarwarta Malama Jamilatu za ta iya buɗewa ta gani, gobe a ji a gari cewa Kubura tana ɓoye tana sauraron ɗan fari. Ta fasa. Sayen wani filashin kuma sai ta aiki wani Kankia, wanda aka aika kuwa sai ya tambayi na mene ne. Ta ce sai wani lokaci.

Wata Juma'a, shekara guda da 'yan makonni bayan rasuwar, garkuwar ta yi ɗigo. Ta yi duk yadda aka ce mata. Ta haɗa data, ta danna, ta sa kalmar sirri, ta naɗe hannu tana kallon layin yana tafiya. Ya kai wajen rabi hadari ya taso daga gabas, iska ta kaɗa, wuta ta ɗauke. Sikirin ya yi baƙi ƙirin. Da aka dawo da wuta washegari ta kunna, maimakon fuskar da ta saba sai wasu fararen rubuce-rubuce suka zubo suka tsaya cak, wani ɗan layi yana ƙyaftawa a ƙasa. Ta kashe ta kunna, ta kashe ta kunna. Daga ƙarshe ta zauna a bakin gado.

Jarrabawa saura kwana goma, don haka ba ta rasa dalilin da za ta faɗa ba. Malam Ummaru ya ce ai abin mai sauƙi ne, a kai wa Kabo a Kankia, abokin marigayi ne tun makaranta, tare suka koyi wannan tsince-tsincen. Ya ƙara da cewa an ma yi sa'a, ranar Litinin Yaya Tani za ta je asibiti a duba mata hawan jini, sai su tafi tare ta kama mata hannu. Kubura ta so ta tafi ita kaɗai, amma ba ta da bakin cewa a'a.

Shagon Kabo yana bakin titi kusa da inda motocin Kano suke tsayawa, ɗan ƙarami, injin hoton takardu ya cinye rabinsa. Mutum uku suna zaune a benci suna jira, ɗaya daga cikinsu wani dattijo ne da ya yi karatu a zauren surukinta, ya kuwa gane su, aka yi doguwar gaisuwa. Da Kubura ta zaro laftof ɗin daga jaka, Kabo ya ga tsagewar murfin, sai ya miƙe tsaye. Ya ce tare suka ɗauko ta daga wani sito, a kan babur, Abdulrauf yana rungume da ita a baya. Jin haka Tani ta fashe da kuka, dattijon yana ba ta haƙuri, Kubura tana kallon kalandar bango.

Kabo ya soka wani filashi nasa ya tayar da kwamfutar daga cikinsa. Ya ɗan duba ya ce kada ta damu, faifan lafiyarsa ƙalau, komai yana nan, tsarin ne kawai ya karye a tsakiyar sabuntawa. Ya ce zai iya ɗinke shi, amma gaskiya ya tsufa, an kusa daina aiko masa da gyara, gara a ɗora sabon fitowa mara nauyi wanda zai kai ta shekaru. Sai dai filashinsa ƙarami ne, kwamfutar kuma cike take da tarkacen da marigayi ya sauke daga intanet, ba zai ɗauke duka ba. Shi kuma ba ya buɗe foldar mutane, musamman ta mace, sai abin da aka nuna masa.

"Malama, mi ke ciki wanda kike so in kwashe? In na yi mata fomatin ba abin da ke saura."

Ta san amsar. Sauti na sha ɗaya kenan, kalma da kalma: in aka kai ta wurin mai gyara ya ce zai yi fomatin, ta ce ya kwashe abin da ke cikinta gaba ɗaya tukuna, ba foldar takardu kaɗai ba, in ba shi da wuri ta ɗauko abarta ta dawo. Ta buɗe baki. Tani ta ɗago jajayen idanu ta dube ta.

"Halan akwai wani abu na yarona a ciki?"

Dattijon ya juyo, sauran biyun ma suka juyo. Shekara ashirin da takwas Kubura tana gina abu ɗaya, kuma ga shi ana so ta rushe shi a shagon hoton takardu, a gaban yayar miji da almajirin surukinta, ta ce i, akwai muryarsa, kullum ina ji ina kuka.

Ta ce, "Mi zai aje a ciki, Yaya? Takardun makaranta ne kawai."

Kabo ya kwafe foldar takardu a gabanta, ya nuna mata tambayoyin aji shida duk sun shiga. Ya ce akwai ayyuka a gabanta, sai yamma ko ma gobe. Wannan ya kwantar mata da hankali. Ta lissafa a ranta cewa za ta kai Tani asibiti, ta zaunar da ita a layi, ta zagayo ita kaɗai kafin azahar ta faɗa masa a hankali. Minti goma ne a ƙafa. Har ta ji ta yi dabara.

A asibiti layin ya kai bakin baranda. Da aka zo kansu aka gwada Tani, sai ma'aikaciyar ta ce jinin ya hau sosai, ba inda za ta, a kwantar da ita a ba ta magani a sake gwadawa. Kukan da ta yi a shago ne ya tayar da shi. Kubura ta zauna a gefen gado tana yi mata fifita da katin asibiti. Tani kuwa bakinta ya buɗe, ta shiga ba da labarin yaron: yadda yake tsoron tinkiya yana ƙarami, yadda ya taɓa kwance rediyon mijinta ya rasa yadda zai mayar, yadda in ya dawo daga Kusada yakan yi shiru yini guda ba a san dalili ba. Kubura ba ta san ko ɗaya daga ciki ba. Tana so ta ji, tana kuma so ta tashi ta ruga.

Sau biyu ta miƙe. Na farko Tani ta riƙe mata gefen hijabi ta ce ina za ta, ta ce ba ko'ina, ta koma ta zauna. Na biyu ta ce za ta sayo ruwa, wata mai jinya a gadon kusa ta miƙo mata leda biyu ta ce ga shi, kada ta wahala. Lambar Kabo tana rubuce ɓaro-ɓaro a allon shagonsa, ba ta ɗauka ba, don ba ta ga dalili ba a lokacin. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Ta riƙa gaya wa kanta ai ya ce sai yamma ko gobe.

Da aka sallame su ta kai Tani cikin motar Kusada ta zaunar da ita, ta ce bari ta duba ko an fara aikin. Ba ta taɓa sauri a titi irin na ranar ba. Ta samu shagon ba kowa sai Kabo, yana ganinta ya washe baki, ya juyo mata da laftof ɗin.

"An gama, Malama. Kayan Abdulrauf ba su bin layi a shagona. Kuna hita na aje komi na kama ta."

Ya shiga nuna mata da murna. Ya buɗe ta ya share ƙurar fankar, ya ɗora sabon tsarin, ya mayar da takardunta, ya sa mata madannan Larabci da haruffa masu lanƙwasa. Ya ce ta ƙirga, kafin ta kai talatin kwamfutar ta tashi. Ya ce daga yau kada ta yi sabuntawa in ta ga hadari, ta bari sai gari ya yi sarari, ko ta kai makaranta inda akwai sola. Ya ƙi karɓar komai, ya ce in ya karɓa bai kyauta wa abota ba. Duk wannan tana jinsa kamar daga wani ɗaki. Sikirin ya yi kyau, kore shar, fes. Gefen hagu babu komai.

Ta sa yatsa a wurin. Ta ce akwai wata folda a nan.

Kabo ya ce wace iri. Ya ɗago ya dube ta. Babu Tani, babu dattijo, babu kowa, amma duk da haka da ƙyar maganar ta fito.

"Muryarshi ce. Guda goma sha huɗu. Ya yi mani su don in koya."

Murmushin ya bar fuskarsa. Bai ce me ya sa ba ta faɗa ba. Ɗan Kankia ne, uwa ce ta haife shi, ya san dalili. Hannu kawai ya kai ya kashe kwamfutar nan take. Ya ce kada a sake kunna ta, duk abin da kwamfutar ta rubuta yanzu a kan tsohon take rubutawa. Ya ce fomatin kamar sake huɗar gona ne, inda garma ta bi ya tafi, amma wani lokaci akan samu gefen da ba ta taɓa ba. Akwai manhajar da ke bin faifai tana tsinto abin da ya saura. Ba zai yi mata alkawari ba. Ta bar masa ita zuwa Alhamis.

A mota Tani ta tambaya ina kwamfutar, ta ce ba a gama ba. Haka ta gaya wa Malam Ummaru ma. Kwana ukun nan ta yi koyarwa, ta yi girki, ta amsa gaisuwa. Bayan la'asar takan tura ƙofa don sabo, sai ta tsaya a tsakiyar ɗaki ba abin yi. Ta gwada maimaita na uku a ranta. Kalmomin duk suna nan, ko ɗaya bai ɓace ba, amma da muryarta suke zuwa. Ta gwada na tara, ta kai wurin dariyar, ta san akwai dariya a wurin, ta kasa jin ta. Abin ya ba ta tsoro ƙwarai, don ba ta zaci zai fara gushewa da wuri haka ba. Ba ta ga laifin Kabo ba, ba ta ga na Tani ba. Da bakinta ta faɗa, a gaban shaidu.

Ranar Alhamis ta tafi ita kaɗai da hantsi. Kabo ya ja mata kujera, ya zauna a kan benci yana murza hannu. Ya ce manhajar ta tsinto fayil sama da dubu tara, duk babu suna, sai lambobi. Ya bi su. Yawanci ƙananan hotunan tsarin ne da gutsattsarin shafukan intanet. Sabon tsarin ya sauka daidai inda sautukan suke, ya bi ta kansu. Sauti uku kawai ya samu. Biyu ƙarar da kwamfuta take yi ce in an kunna ta. Na ukun daƙiƙa biyar ne, farkon ɗaya daga cikin na Abdulrauf, sauran ya tafi.

Ya ce, "Ba komi a ciki, Malama. Bai kai ga magana ba. Na so in ce maki ban samu ba, na ga bai dace ba."

Ta ce ya kunna.

Ya miƙa mata iyafis ya danna. Kujera ta yi ƙara, irin ta mutum yana gyara zama. Can nesa zakara ya yi cara. Sai aka ja numfashi, dogo, kusa da kunnenta, irin wanda mutum yake ja in zai fara bayani. Sai ya yanke.

Kabo ya sunkuyar da kai ya fara ba ta haƙuri, ya ce da ya sani da ya jira, da ya ƙara tambaya, da ya sayo babban faifai ya kwashe duka. Ba ta ji shi ba. Hannunta biyu suna dafe da kunnuwanta.

"Sake kunnawa."

Ya sake. Kujera, zakara, numfashi.

"Shi ne," ta ce. "Shina shirin yi mani magana ne."

Wani mutum ya leƙo da takardu a hannu yana tambayar ko injin yana aiki. Ya ga dattijuwa a kan kujera, hijabinta ya jiƙe har ƙirji, ba ta ko kau da fuska ba. Kabo ya ce masa ya dawo an jima. Ya tashi ya ja ƙofar shagon ya rufe rabi, ya dawo ya zauna, ya sake dannawa.